Noman tsaye a Ayilan: wai loy ɗinsu ya fi garmarmu?

Bakatsine_a_Longford:
Assalamu alaikum jama'a. Shekarata uku ke nan a ƙasar Ayilan, aikin jinya nake yi. A watan Satumba wani abokin aikina, ɗan manoma, ya matsa mini sai na raka shi gasar huɗa ta ƙasa da suke yi duk shekara. Kwana uku ake yi, mutum sama da 200,000 ke zuwa, ga taraktoci sai ka ce a nan ake ƙyanƙyasarsu. Amma abin da ya tsayar da ni yana can gefen fili. Dattawa ne da samari, har da mata, kowa riƙe da wani dogon abu mai kama da shebur ɗin da ya sha jinya. Sunansa loy. Ƙotarsa itace ce mai kauri da nauyi, ta kai ƙirjin mutum. Ruwansa siriri, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, kuma matakin ƙafa a gefe ɗaya kawai yake. Mutum zai taka ya yanki ƙasa haɗe da ciyawarta, ya danna ƙotar baya, sai ka ga ƙasar ta kife kamar an juya waina a tanda. Ina kallo ina tuna mahaifina, Allah ya ji ƙansa, wanda garma ta lanƙwasa wa baya tun bai cika sittin ba. Tambayata ga manoman gidan nan: da an kai wannan abu gida, ba zai fi mana garma ba?

Sarkin_Musu:
Wa alaikumus salam. Shekara uku a Turai, tsarabar da za ka kawo mana ita ce shebur? Ni da na ga sunan ma na ɗauka lauya ka rubuta. Noma dai na duƙe ne, tsohon ciniki. Haka muka tarar.

Yar_Maradi:
Malam Sarkin Musu, ba kowa ya tarar da shi a duƙe ba. Ka zo arewacin Maraɗi ko ƙasar Damagaram da damina ka ga noman tsaye. Hauyarmu ƙotarta ta fi mutum tsawo, ruwanta kamar jinjirin wata, tura ta ake yi gaba tana yanke ciyawa ta ƙarƙashin rairayi. Kakata har ta rasu da ita take noma gyaɗarta. Sai dai fa a jigawa take aiki. Ka kai ta laka ka ga ikon Allah.

Sarkin_Musu:
Na karɓi gyara, Hajiya. Amma shebur dai shebur ne.

Tsohon_Malamin_Gona:
Ƙanwata ta Maraɗi ta riga ta ba da rabin amsa. Kayan noma ƙasa ce ke ƙera su, maƙeri dai bugawa yake yi. Ɗana Bakatsine, loy na yankin da kake ne: Longford, Leitrim, Cavan, Roscommon, Sligo. Ƙasa ce ta laka mai nauyi da danƙo, da ƙananan tuddai da ƙanƙarar zamanin da ta bari, ga ruwan sama kusan duk shekara. Ciyawa ba ta mutuwa a can. Saiwarta kan saƙe saman ƙasa ta zama kamar tabarma, to wannan tabarmar ce loy ke yankawa ya kifar. Ana yanka gefe uku a bar gefe ɗaya a manne, shi ya sa take juyawa ba ta wargaje ba. Kaurin nan da ka gani a gindin ƙota ba ado ba ne, shi ne madogara, kamar dutsen da ake sa wa a ƙarƙashin ƙarfe in za a ɗaga abu mai nauyi.

Yanzu ɗauko gonar mahaifinka a ƙasar Katsina a farkon damina. Wata bakwai babu ruwa, dabbobi sun cinye kara, gara ta ƙarasa sauran. Ƙasa tsirara ce. Ka taka loy a nan me za ka kifar? Rairayi zai zube ta gefe da gefe, kamar mai ɗibar gero da wuƙa. Garma faɗi gare ta saboda ɗiba take yi ta tara.

Bakatsine_a_Longford:
Baba, wallahi kamar kana wurin. Bayan gasar na je gidan mahaifin abokin nawa a Leitrim, tsoho ne ya haura tamanin, ya nuna mini yadda ake yi. Ana ja igiya a kan ciyawa, a shimfiɗa takin shanu a tsakiya, sannan a kifo ƙasa daga dama a kifo daga hagu su haɗu a kan takin. Ciyawa ta fuskanci ciyawa, ta ruɓe a ciki ta zama taki ita ma. Inda aka yanko ya zama kwari, ruwa ya bi ta nan ya gangara. Sai a bi da tsinin sanda ana huda ramuka, yara da mata na biye suna jefa irin dankali. Da ya faɗi haka sai na ga shukarmu sak, mai sungumi a gaba, mu yara a baya da ƙwarya. In dankali ya tsiro a ƙara ɗibo ƙasa daga kwarin a rufa masa. Tsakiyar Maris suke farawa, wajen ranar bikin waliyyinsu Patrick.

Na karɓa na gwada. Zaton da na yi cewa babu wahala, na janye rabinsa. Yanka biyar na yi, na shida ƙasar ta karye, tsohon ya kau da kai don kada in ga yana dariya.

Ummu_Hanan:
Ni a makaranta an taɓa ce mana Turawa na kiran wannan kunyar da sunan lalaci. Ita ce?

Bakatsine_a_Longford:
Ita ce, Ummu Hanan. Da Ingilishi ma'anar sunan gadon malalaci, wai don ba a kafce ƙasar da ke ƙarƙashin kunyar. A harshensu na gado kuwa iomaire suke cewa, wato kunya kawai. Shi kansa loy daga kalmarsu láí ya fito.

Ummu_Hanan:
Wanda ya raɗa sunan bai taɓa riƙe ƙotar ba ke nan.

Dan_Bokkos:
To ga mu, masu dankalin. A nan Filato, Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, Airish ma muke ce masa kai tsaye, da Hausa dankalin turawa. Har na girma ina zaton can ne asalinsa. Abin da zan tambaya: ciwon nan da ke baƙanta ganye in hazo da yayyafi suka yi yawa, wanda cikin mako guda gona ke zama kamar an watsa mata ruwan zafi, ka tono dankalin ya ruɓe yana wari, an ce shi ne ya taɓa kashe mutanen ƙasar. Gaskiya ne? Don mu ma ya sha kwantar mana da gona.

Tsohon_Malamin_Gona:
Shi ne, sunansa a kimiyyance Phytophthora infestans. Sanyi da laima yake so, shi ya sa ku ke fama da shi, mai noman rani a Kano bai cika ganinsa ba. Asalin dankali kuwa tsaunukan Andes ne, wajen Peru da Bolibiya. Abin sha'awa, manoman can ma suna da nasu abin haƙa na ƙafa, chakitaklla, da shi suke kifar da ciyawa su yi kunya tun kafin Bature ya san dankali.

Malama_Mai_Tarihi:
Ɗan Bokkos, bari in ɗan tsawaita, don in ba a san wannan ba ba za a gane loy ba.

Ƙidayar 1841 ta sami mutum sama da miliyan 8 a tsibirin. Ƙasar noma mai kyau tana hannun manyan masu filaye, da yawansu a Ingila suke zaune, haya kawai ake aika musu. Talaka sai ya karɓi ɗan yanki a kan tudu, ko bakin fadama, ko cikin duwatsu, inda doki da garma ba sa shiga, ko da ma yana da dokin. Abin da ya rage masa loy ne da dankali. Kuma haɗin ya yi aiki fiye da yadda ake zato: ƙaramar gona ta ciyar da gida guda, ƙato ɗaya kan ci kilo 5 zuwa 6 na dankali a rana, da ɗan madara. Mutum wajen miliyan 3 ba su da wani abinci sai shi, kuma yawanci iri ɗaya suke shukawa, wanda ake kira Lumper. A gaɓar yamma ciyawar teku suke ɗaukowa a baya su yi taki. A tsibiran Aran ma ƙasar da kanta haɗa ta suka yi, yashi da ciyawar teku a kan falalen dutse.

Ciwon ya shigo a 1845. A 1846 ya cinye kusan komai. A 1847 ya lafa, amma babu irin shukawa, mutane sun cinye ko ya ruɓe. A 1848 ya dawo. Kafin 1852 mutum kusan miliyan ɗaya sun mutu, yawanci da zazzaɓi da gudawa da ke bin yunwa, fiye da miliyan ɗaya kuma sun tsallaka teku zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Duk wannan ana yi jiragen ruwa na fita da hatsi da dabbobi daga tashoshin ƙasar, domin da su ake biyan haya. A Strokestown cikin Roscommon, inda gidan tarihin yunwar yake yanzu, mai filin ya tura 'yan haya 1,490 zuwa Kanada a 1847, da yawa ba su isa da rai ba, shi kuma aka harbe shi a watan Nuwamba na shekarar.

Leitrim ɗin da Bakatsine ya je, tana da mutum kimanin 155,000 a 1841. A ƙidayar 2022 ba su fi 35,000 da 'yan kai ba.

Bakatsine_a_Longford:
Malama, kin tuna mini. A tsibirin Achill cikin Mayo, gindin dutsen Slievemore, akwai kangon ƙauye, gidajen dutse babu rufi. In rana ta yi ƙasa sai ka ga sawun kunyoyi a jikin tudu layi-layi, ciyawa ta rufe su, tumaki na kiwo a kai. Irinsu na nan ko'ina a yamma, har can saman da za ka ce akuya ce kawai ke hawa. Ban iya ɗaukar hoto ba a karon farko, tsayawa kawai na yi.

Dan_Bokkos:
Innalillahi. Mu in ya kama mu bashi ne ke hawa kanmu, amma akwai masara da acca a rumbu.

Tsohon_Malamin_Gona:
Abin da ya sa nake faɗa da masu cewa cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne. Ina sabon ma'aikaci a 1975 lokacin da ciwon kuturtar gyaɗa ya share gonakin Arewa. An ji jiki, amma gyaɗa ba ita ce tuwon dare ba.

Alhaji_Mai_Goro_Kumasi:
Salamu alaikum. Ni abin da na sani game da yunwar nan shi ne Sarkin Musulmi na Santambul ya taimaka musu. Ko ba haka ba, Malama?

Malama_Mai_Tarihi:
Haka ne, Alhaji. Sultan Abdulmajid na daular Usmaniyya ya aika fam 1,000 a 1847. A shekarar kuma 'yan ƙabilar Choctaw na Amurka, waɗanda ba su daɗe da fitowa daga tasu masifar ba ta korarsu daga ƙasarsu, suka tara dala 170 suka aika. Har an kafa musu abin tunawa a garin Midleton cikin lardin Cork.

Alhaji_Mai_Goro_Kumasi:
Allah ya saka wa kowa gwargwadon niyyarsa.

Sarkin_Musu:
To kun ga kun dawo kan maganata da ƙafarku. Abin nan kayan talauci ne. Wanda ba shi da doki, aka kora shi kan dutse, shi ke riƙe loy. Yanzu jikokinsa sun ƙoshi sun sa shi a gasa ana tafi. Shi ne Bakatsine ke so mu ɗauka mu kai wa mutanen da ke neman hanyar rabuwa da fartanya?

Injiniya_Zazzau:
Yau dai na yarda da Sarkin Musu. Mutum ba ya rataye fartanya a gidan tarihi sai ranar da ya daina ci da ita. Su suna da gidan tarihin rayuwar karkara a Castlebar, an jera kayan nan cikin gilashi, domin tarakta ta karɓi aikin. A filin gasar da Bakatsine ya je, mai loy nawa ne, mai tarakta nawa? Mu maganar da ta kamace mu ita ce garmar shanu ta wadata, ƙananan injinan huɗa su yi araha. Ba ƙaunar gargajiya ce ta hana baban Bakatsine miƙewa ba.

Bakatsine_a_Longford:
Injiniya, ban musa ba. Amma tsohon nan na Leitrim da loy ya noma dankalinsa har cikin shekarun 1960, ba labari aka ba shi ba. Na tambaye shi ko yana kewar lokacin, ya ce ko kusa. Duk da haka shi ya koya wa jikarsa, kuma in tana yi yana tsaye yana duba ko layin ya miƙe. Ƙin wahalar daban, ƙin a manta yadda ake yi daban. Ita gasar huɗar tun 1931 ake yinta, a Athy aka fara, kuma da suka ga masu iya loy na ƙarewa suka ba shi fili a ciki.

Yar_Maradi:
Mu ma ai muna da tamu gasar, ba mu kira ta da sunan ba ne. Gayya fa? Makaɗa na kiɗa, samari na rige-rigen kai kunya, 'yan mata na guɗa. Wanda ya tara dami dubu a yi masa biki ya zama sarkin noma. Yaushe rabon da ku ga an yi?

Bakatsine_a_Longford:
Yaya ta Maraɗi, suna da gayya su ma! Meitheal suke ce mata. Maƙwabta su taru yau a gonar wane, gobe a ta wane, mai gona ya ciyar. Kiɗa ne dai ban ji suna yi a bakin gona ba.

Sarkin_Musu:
Gayya babu kalangu ai aikin gandu ne.

Abba_Kwamfuta:
Na ga bidiyon abin a YouTube. Yana da ɗan kunne a gefen ruwan, suna yanko baƙar ƙasa kamar bulo suna jefawa sama. Wai har ƙona ta suke yi.

Bakatsine_a_Longford:
Wancan ba loy ba ne, ƙanena, sleán ne. Na yankan makamashi ne a fadamun da tsirrai suka shekara dubbai suna ruɓewa a cikin ruwa. Kunnen ne ke sa ya yanka gefe biyu lokaci guda. A shanya, a jingina su tsaye iska ta busar, a kai gida a yi girki da jin ɗumi. Kamfanin gwamnati Bord na Móna ya daina haƙa a 2021 saboda muhalli, amma a ƙauye har yanzu za ka ji ƙamshin hayaƙin da hunturu.

Abba_Kwamfuta:
Af, na haɗa biyu. Na gode Yaya.

Jikan_Makera:
Kun yi ta tarihi, ku bar mai wuta ya yi magana. Ni ban ga abin da zai gagara a ƙera ba. Ruwan, sifirin mota ya ishe shi. Matsalar ƙota ce, tunda ka ce gindinta ne madogara, dole itace mai tauri da ba ya tsagewa, kuma a sassaƙa shi daga gungume ɗaya. Su da wane itace suke yi? Mu sai dai marke ko aduwa. Na biyu, matakin nan na gefe ɗaya, dama ne ko hagu?

Bakatsine_a_Longford:
Itacen da suke kira ash ne, irin wanda suke yin sandar wasansu na hurling da shi. Mataki kuwa akwai na dama akwai na hagu, ya danganta da ƙafar da mutum ya saba. Har karin magana ya fito daga nan: a arewacin tsibirin in aka ce wane da ɗaya ƙafar yake haƙa, ana nufin ba ɗarikarku ɗaya ba, tsakanin Katolika da Furotesta. Da can kowane yanki da irin shebur ɗinsa, ɗan wannan lardi ba zai karɓi na wancan ba. A Templepatrick cikin Antrim akwai tsohuwar maƙerar Patterson da ruwa ke juya gudumarta, an adana ta ana zuwa kallo.

Jikan_Makera:
Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Garmar da zan buga wa Bazazzagi ba ita zan buga wa Badauri ba. Mutum na shigowa in ji garinsu na san faɗin da yake so.

Na_Fadama_Hadejia:
Tun ɗazu nake karantawa. Baba Malamin Gona ya ce ba zai yi a tudu ba, na yarda. Amma ba duk Arewa ce jigawa ba. Ina da yanki a fadama, in ruwa ya janye laka ce zalla, kiri-kiri ya saƙe samanta har fartanya na tsalle in ka sara. Duk shekara nan ne 'yan ƙwadago ke tsawwala mini kuɗi, tarakta kuma ta taɓa nutsewa sai da muka kwana biyu muna haƙo ta. Wannan ba ita ce tabarmar da ake magana ba?

Tsohon_Malamin_Gona:
Ta yi kama, ba zan ƙi ba. Abu biyu nake tsoro. Lakarku in ta bushe dutse ce, in ta jiƙe sosai kuma ta kama ƙarfe, kwanakin da za ta yanku ba su da yawa. Sannan kiri-kiri ba ya mutuwa don an kifa shi, ta gaɓa yake sake tsirowa. Ciyawar can ruɓewa take yi cikin sanyi da laima. Amma gani ya kori ji. Gwada kunya biyu, ka bar biyu na fartanya a gefe.

Injiniya_Zazzau:
Ku lissafa da awa nawa kowace ta ci, ba kyan layi ba.

Jikan_Makera:
Bakatsine, in ka koma wurin tsohon ka auno mini tsawon ƙota, tsawon ruwa da faɗinsa a baki da a gindi, da yadda ya ɗan lanƙwasa. Ka ɗauki hoto ta gefe, ka ajiye takalminka kusa don in gane girma. Na Fadama, kai da wace ƙafa kake taka shebur?

Na_Fadama_Hadejia:
Hagu.

Sarkin_Musu:
Shi ke nan, ɗaya ƙafar ce. Bakatsine, kar ka faɗa wa tsohon.

Bakatsine_a_Longford:
Asabar mai zuwa ba ni da aiki, zan je da abin awo. Ya ma ce in zo in gyara layin da na ɓata masa a bayan gida.